Barista Na Wa Ne?

Ku matso ku sha labari. Ɓaidu direba, wanda ya gudu daga makaranta tun aji uku amma yake bugun ƙirjin ya fi malaman kai, ya yi baya da tifar kamfanin yashin Alhaji Mamuda, ya rushe katangar gidan bulo. Gidan bulon ma na Alhajin ne.

Alhaji ya maka shi kotu, ya turo Barista Zubairu, lauyan da ke cin albashin kamfanin yashi.

"Ya mai shari'a," in ji Barista, "gidan bulo nake wakilta. Ko ya tayar da katangar nan yau, ko a ƙwace lasisinsa."

Ɓaidu ya sosa ƙeya. "Allah ya gafarta Malam, ni jahili ne, a fahimtar da ni. Kamfanin yashi da gidan bulo, ɗaya ne ko biyu?"

"Ɗaya ne," in ji Barista da sauri, don a garin nan doka ta hana lauyan kamfani tsaya wa wani kamfanin daban.

"To, motar Alhaji ta daki katangar Alhaji. Alhaji ne ke ƙarar Alhaji ke nan?"

"A'a, biyu ne!"

"Madalla! Ashe kai lauyanmu ne na yashi. Taso nan kusa da ni ka kare ni, Barista, ga wuri na share maka."

Alƙali ya danne dariya da bakin rawani, ya ce, "Na kori ƙara. Barista, je ka tambayo Alhaji shi mutum nawa ne."