Kwalekwalen da Ya Juya Baya

Akwai wani manomi da yake noman albasa tare da matarsa a wani ɗan tsibiri a tsakiyar babban tafki. Wata rana suna cikin cirar albasa, ruwa ya fara hauhawa, ya tsinke igiyar kwalekwalensu, ya tafi da shi. Kafin azahar ya cinye rabin gonar.

Mahaifin matar tsohon masunci ne. Da ya hango abin da ke faruwa daga gaɓa, sai ya shiga ƙaramin kwalekwalensa, ya ɗaga ƙyallen da iska ke turawa. Ba shi da ƙarfin tuƙi da hannu, gora kuma ba ta taɓa ƙasa a wannan zurfi. Iskar ranar 'yar kaɗan ce, ga shi daga wajen tsibirin take busowa. Wanda iska ke bugun fuskarsa kuwa ba ya miƙewa sak, sai dai ya yi ta karkata, dama da hagu, yana matsowa sannu a hankali.

Manomin da matarsa ba su san wannan ba. Sun ga kwalekwalen ya taso, suka yi murna. Can sai suka ga ya ba su gefe, ya nufi yamma. Matar ta sandare, hannunta a kan baki.

Mijin ya ce, "Baba ya gan mu kuwa?"

Suka yi ta kira, suna kaɗa zane. Kwalekwalen ya yi kamar ya tsaya, ƙyallen ya saki, tsohon na zaune ko motsi ba ya yi, domin a irin wannan iska, wanda ya zabura wajen juyawa ya kashe ɗan gudun da ya tara. Sannan ya juya a hankali, ya nufi gabas, ya sake wuce su. A lokacin ruwa ya kai musu gwiwa.

Mijin ya ce, "Ya ji tsoro, gida zai koma. Zan yi iyo in nemo taimako."

Ta riƙe rigarsa. "Maigida, ni ma ban gane abin da yake yi ba. Amma Baba ba zai bar ni a nan ba. Ka tsaya."

Ya ɓamɓare hannunta, ya faɗa ruwa. Ta bi kansa da ido har ya ɓace mata.

Da la'asar, ruwa na ƙugunta, sai ga goshin kwalekwalen a gabanta. Tsohon ya jawo ta ciki, ya duba ko'ina, ya ce, "'Yata, ina mijinki?"

Ta nuna ruwa. Igiyar ƙyallen ta suɓuce daga hannun tsohon. Ya daɗe yana kallon tafkin, sannan ya ce, "Ai wajenku nake zuwa. Tun da na taso, wajenku nake zuwa."

Washegari masunta suka tsinci gawar manomin a cikin ciyayi.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Tsohon masuncin yana nuna mana Ubangiji, tsibirin kuwa wahalar da kowannenmu yake tsaye a cikinta. Kana addu'a a kan ɗanka marar lafiya, ko a kan gidanka da ya ƙi zaman lafiya, sai ka ga kamar taimako ya taso, sa'an nan ya karkata wani wuri. Har ka ga kamar Allah ya zauna shiru. A nan ne mutane da yawa suke faɗawa ruwa: wani ya tafi wurin boka, wani ya sa hannu a abin da ba nasa ba, wani ya daina addu'a.

Ku lura, matar ba ta fi mijinta sanin iska ba. Ita ma ta firgita, har ruwa ya kai mata ƙugu. Mahaifinta kawai ta sani. Ba a ce sai ka gane hanyar da Ubangiji yake bi ba. Ka san shi, ka tsaya inda zai same ka.