Gizo da Zuciya Mai Ɗaki Takwas

"Ga ta nan, ga ta nanku, tana tafe da ƙafa takwas."

"Ta zo mu ji ta, Gwaggo Kande."

To, kowa ya ɗora tafin hannunsa a ƙirji, kada ya sauke sai na ce.

Gizo ne dai, mijin Ƙoƙi, ya hau kan suri ranar da kasuwar dawa ta cika, ya gyara murya ya ce: "Duk dajin nan babu mai zuciya irin tawa. Ɗaki takwas gare ta, kowace ƙafa da ɗakinta. In ta buga da ƙarfi, 'ya'yan kanya zubowa suke daga sama."

Ba haka kawai ya fara wannan cika baki ba. Zaki ne ya sa aka yi shela cewa zai naɗa Sarkin Zuciya. Duk wanda zuciyarsa ta fi ta kowa ƙarfi, akushin farko na girkin fada nasa ne har shekara ta zagayo. Gizo kuwa bai yi noma ba a daminar nan, wai bayansa ke ciwo. Rumbunsa babu komai sai saƙar da ya yi a ciki.

Da ya koma gida Ƙoƙi ta ce, "Maigida, na ji ka a kasuwa. Ɗaki takwas? Mu da ɗakinmu guda ɗaya ma yoyo yake?"

"Ke dai ki wanke tukunya," in ji Gizo. "Abinci na tafe."

Tana fita ɗebo ruwa ya ɗauke ƙoƙon da take zuba gishiri, ya rufe bakinsa da fatar damo, ya ja ta tamau har ƙoƙon ya zama 'yar ganga. Ya ɗaura a ƙirji. Ya zura babbar rigar aurensa, ya fito da ƙafa shida waje, ya ɓoye biyu a ciki suna kiɗa. Dum, dum, dum. Ya ji daɗi har ya gaishe da kansa.

Ranar gwaji dabbobi suka taru a ƙofar fada. Aka ba Zomo aikin saurare, don duk dawa babu mai kunnensa. Zaki ya ce, "Kafin a fara, wa ya san yadda cikin zuciya yake?"

Kura ta ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, ni na sani. Kada dai a tambaye ni inda na koya."

Barewa ta matsa nesa da ita, gada ma ta matsa.

Kura ta ce, "Ta masu gashi da ta tsuntsaye ɗaki huɗu ce. Biyu na sama suna karɓar jini, biyu na ƙasa suna tura shi. Ɓangare ɗaya ya aika shi huhu ya sha iska ya dawo, ɗayan ya kora shi cikin jijiyoyi har ƙarshen wutsiya. Ya gama zagaye ya komo gida, a sake aikensa. Ta kwaɗo ɗaki uku ce, ta kifi biyu."

Kwaɗo ya kumbura wuya ya ce, "Ukun sun ishe ni a ruwa, sun ishe ni a tudu."

"Mai takwas fa?" in ji Zaki.

"Ban taɓa cin karo da ita ba," in ji Kura, tana lasar baki. "Amma ina son gani."

Giwa ta fara fitowa. Zomo ya hau turmi ya manna kunne. Dum. Shiru. Dum. Ya ce, "Uwar daji, tsakanin bugu da bugu sai in ɓare gyaɗa in cinye."

Giwa ta ce, "Ba ta gaggawa, ɗan nan. Bugu ɗaya take yi jini ya kai bakin haurena, ya kai tafin ƙafata. In rana ta yi zafi ta cika mini kunnuwa da shi, in yi fifita ya huce, ya koma ya sanyaya jiki."

Aka ce lalle wannan zuciya ce.

Raƙumin Dawa ya fito. Zomo ya manna kunne ya ja baya yana sosa shi. "Wannan ai daka ake yi a turmi."

Raƙumin Dawa ya ce daga can sama, "Dubi inda kaina yake, ka dubi inda ƙirjina yake. Kullum sai ta hau da jini wannan tsawon, babu tsani, babu guga. In na sunkuya shan ruwa kuma akwai 'yan ƙofofi a jijiyoyin wuyana da ke rufewa, kada jinin ya kwararo ya cika mini kai."

Aka ce lalle wannan ma zuciya ce.

Sai Tsada, 'yar tsuntsuwar nan da ba ta fi babban yatsa ba. Dabbobi suka yi dariya. Zomo ya kara kunne, ya fara ƙirge, ya ɓace, ya sake, ya ɓace. Ya ce, "Kamar ana zuba gero a ƙwarya. Ba ta ƙirguwa."

Tsada ta ce, "Girman ƙwayar wake ma ba ta kai ba. Amma ita ke ɗauka ta sama, kuma ban taɓa ganin Giwa a can ba."

Dariya ta koma kan Giwa. Aka ce wannan ma zuciya ce, ba wasa.

Can sai aka ji dum, dum, dum daga bakin hanya. Ga Gizo, riga na jan ƙasa, yana tafe yana ɗaga wa mutane hannu tun ba a gaishe shi ba. Zomo bai ma matsa ba, daga inda yake kunnensa ya cika.

Zaki ya ce, "Kai, wannan ƙaramin jiki da wannan ƙara?"

"Yau ma a hankali take yi, ranka ya daɗe, don kada ta tsorata jama'a."

Zomo ya zagaya shi sau ɗaya, ya ce, "Gizo, na san ka da ƙafa takwas. Shida nake gani."

"Biyun na naɗe su don ladabi. Ba a shiga gaban sarki da ƙafafu barkatai."

Zaki ya ji daɗin wannan magana, har ya sa a kawo rawani. Zomo ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana uku in ƙara saurare. Sarautar shekara guda ce, kada a yi ta da ji ɗaya." Zaki ya yarda.

Rana ta farko Zomo ya ce a yi tsere zuwa gindin kuka a dawo. Aka dawo ana haki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta Giwa ta ƙara sauri, ta Raƙumin Dawa ta ƙara, ta Tsada ba a magana, don jiki in ya yi aiki jini yake nema da yawa. Gizo ya iso na ƙarshe, ƙafafun da ke masa kiɗa sun jigata. Dum. Can da jimawa, dum.

Zomo ya ce, "Ta kowa ta ƙara gudu, taka ta rage."

"Ta manya ce," in ji Gizo. "Ɗan tseren nan bai isa ya tayar mata da hankali ba."

Rana ta biyu Zomo ya ce a yi barcin rana a inuwar tsamiya. Kowa ya miƙe. Giwa na munshari, zuciyarta na aikinta. Tsada ta cusa kai a fiffike, tata na aikinta. Zomo kuwa ya zo ya yi matashi da ƙirjin Gizo. Iska na kaɗawa, barci na fizgar Gizo, babu halin ya rufe ido. Ya yi gyangyaɗi ɗaya, kiɗa ya tsaya, ya farka a firgice ya ci gaba.

Zomo ya buɗe ido ɗaya. "Na ji ta yi tuntuɓe."

"Ɗaki na uku ne ya miƙa wa na huɗu aiki. Kai da ba ka da takwas ba za ka gane ba."

Da yamma ya ja jiki ya isa gida, ƙafafun nan biyu sun kumbura. Ƙoƙi na gasa masa su da ruwan zafi tana cewa, "Me ka yi da waɗannan biyun, su kaɗai suka gaji? Kuma ba ka ga ƙoƙon gishirina ba?"

"Mace, ina shirin zama sarki kina mini maganar gishiri."

Rana ta uku ranar naɗi ce. Zomo ya shiga madafa ya yi magana da masu girki. Maimakon akushi ɗaya, aka fito da ƙananan akusa takwas: tuwo da miyar taushe, dambu, fara soyayya da yaji, alkaki, har da zuma. Ƙamshi ya bugi Gizo, cikinsa ya yi kukan da ya kusa fin gangar.

Zomo ya ce, "Mai ɗaki takwas, kowane ɗaki da akushinsa. Abin da ka ɗaga a lokaci ɗaya naka ne. Abin da ya rage na Kura ne."

Gizo ya zauna daɓas, ya ɗauki ɗaya, biyu, uku, har shida. Saura biyu: fara da zuma. Dum, dum, dum. Kura ta miƙa hannu a hankali, tana kallonsa. Hannunta ya kusa taɓa farar.

Wuf, ƙafa biyu suka fito daga wuyan riga suka cafe.

Kiɗa ya tsaya cak.

Zomo ya kara kunne a ƙirjin Gizo. Ya daɗe. Ya ɗago ya cire hularsa ya ce, "Ranka ya daɗe, sai haƙuri. Zuciyar ta tsaya. Gizo ya rasu."

"Wane ne ya rasu?" in ji Gizo. "Ga ni ina magana."

"Allah sarki," in ji Zomo, "har yanzu bai sani ba. Giwa, taki ta taɓa tsayawa?"

"Tun ina cikin uwata take aiki."

"Tsada fa?"

"In ta tsaya ina sama, sai dai a tsince ni a ƙasa."

"To kun ji. Duk wanda tasa ta tsaya ya tafi. A kira Gafiya ta haƙa rami."

Gafiya ta fara haƙa. Gizo ya dubi akusa takwas, ya dubi rami. In ya koma kiɗa zuma ta tafi, in bai koma ba shi ya tafi. Kura ta matso ta ce, "Kafin a binne, a bar ni in duba ɗakunan nan takwas. Don ilimi kawai."

Nan tsoro ya kama Gizo, ƙafafunsa suka ƙanƙance suka naɗe, akusa suka zube. Yana birgima rigar ta yaye. Ƙoƙi, da ta zo kallon naɗin mijinta, ta kutsa cikin taro ta tsaya a kansa.

"Maigida, wannan ba ƙoƙon gishirina ba ne? Kwana huɗu muna shan miya lami."

Dariyar da aka yi ranar, har kifi ya leƙo daga ruwa ya tambayi abin da ya faru.

Da aka lafa, Zomo ya ce, "Amma fa mai rai ba ya rasa zuciya. Ku yi shiru." Ya saurari ƙirji, babu. Ya koma baya, kan wannan ƙullutun ciki na Gizo, ya manna kunne. Sai ga ta, can ƙasa-ƙasa: tif, tif, tif.

"Ga ta nan," in ji Zomo. "Doguwa ce siririya kamar tsinke, a kwance ta bayanka. Ɗaki ɗaya tal. Jininka ma ba ja ba ne, fari-fari ne mai ɗan shuɗi. Kuma shi ne ke cika ƙafafun nan takwas su miƙe, shi ya sa in ƙarfinsa ya ja baya suke naɗewa. Kai kwana uku ka yi kana kiɗa ka kumbura. Ita tun ranar da ka fito daga ƙwai take yi, ba ta taɓa neman ruwan zafi ba."

Zaki ya naɗa Raƙumin Dawa, don tasa ce ke hawa da jini inda ta kowa ba ta kaiwa. Sai da aka haɗa rawani uku kafin a gama da wuyan.

Gizo ya tashi ya kakkaɓe riga, ya shafa bayansa, ya dubi jama'a. "Kun dai ji da kunnenku. Ɗaki ɗaya, tana riƙe da ƙafa takwas. Wa ke da irinta? Ai abin da nake faɗa muku ke nan tun ranar kasuwa."

Ƙoƙi ta ce, "Takwas ka ce, Maigida. Ina wurin, ina sayen daddawa. Wuce mu tafi, ka cire mini fatar nan daga ƙoƙo."

To, masu hannu a ƙirji, me kuka ji? Tun da na fara ba ta huta ba, kuma ba ta roƙi kowa ya yaba mata ba. Abin da Allah ya ba ka, in ka san aikinsa, ya isa ka yi alfahari da shi. Wanda ya raina nasa ya ɗauro na ƙarya, shi zai yi ta wahalar kaɗa shi, kuma ranar da ya ga zuma zai saki.

Ku sauke hannu. Kungurus kan kusu, shi ma kusun tasa ɗaki huɗu ce, in ba ku yarda ba ku je ku tambayi Kura.