Yadda Lemun Tsami Ya Rasa Tukunyar Kunu

Dalilin da ya sa ake dama kunu da tsamiya, a bar lemun tsami da wankin ƙarni, shi zan gaya muku, in kun daina surutu.

Da can Lemun Tsami ne mai kunu. Tsamiya kuwa aikinta goge kwanon tagulla, in ta gama a mayar da ita rataye a madafa. Haka suke a gidan Inna Tabawa, wadda duk unguwa ba mai hannun kununta. Kullum ta yanka Lemu, ta matse ruwan a gasara, ta jefa ɓawon a juji. Wannan jifa shi ke ci masa rai, don yana ji da koriyar rigar nan tasa.

Ranar sunan jikar Inna, baƙi sun fara cika gida, sai Lemu ya ce, "Inna, yau da rigata zan shiga tukunya. Kullum a sha a yabe ki, ni ba wanda ya taɓa ganina."

"Ɗan nan, rigarka ƙamshi ne a waje, cikinta ɗaci," in ji Inna.

"To, in ba riga, ko ɗigo ba za ki samu ba."

Ya ƙanƙame jikinsa. Ta matsa, ta murza, ko ɗis. Ga ruwa na tafasa, ga mutane na jira. Haushi ya kama ta, ta daddatse shi ta watsa a tukunya, ɓawo da 'ya'ya duka. Gogan naku sai juyi yake a saman ruwa, wai a gan shi.

Malam Jatau, kakan jaririya na wajen uba, shi ya fara kurɓa. Ya yamutsa fuska, ya tofar.

"Subhanallahi! Tabawa, maɗaci kika dama mana?"

Kunya ta rufe Inna, ta koma madafa ta yi tagumi. Sai Tsamiya ta ce daga inda take rataye, "Inna, ɓare ni ki jiƙa a ruwan ɗumi."

"Rigarki fa?"

"Ɓawo ne, a zubar."

Inna ta jiƙa, ta tace, ta dama wani sabo. Baƙi suka shanye tas, har Malam Jatau ya nemi ƙari.

Da aka watse, Lemu ya tattara guntayensa ya rarrafo. "Inna, na tuba. Gobe zan tuɓe."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "An riga ka. Ga tukunyar kifi can tana ƙarni, je ka wanke."

Shi ya sa har yau tsamin nasu ɗaya ne amma aiki daban. Tsamiya ce a kunu, har da sunanta ake kiransa. Lemun tsami kuwa sai in hannu ya yi ƙarni ake tuna shi, ko a ɗiga shi a shayi bayan an sauke daga wuta. A matse shi, a yar.