Ranar da Waziri Cindo Ya Kwanta a Makara

A zamanin da, tun ana auna fili da igiya da kamun hannu, an yi wani sarki wanda birninsa ya cika ya batse. Duk maigidan da ya rasu sai magada su raba gidansa, 'ya'yansu su sake rabawa, har ta kai wasu gidajen ba su da ƙofa sai ta cikin gidan maƙwabci. Ran nan wani dattijo marini ya rasu a irin wannan ƙurya, aka rasa ta inda makara za ta fita, sai ta kan katanga aka miƙo gawarsa. Da labari ya kai fada, Sarki ya kasa cin abinci don baƙin ciki. Ya sa aka yi shela cewa daga yau ba a raba fili sai kowane kaso ya sami fuska a bakin hanya, mai faɗin da makara za ta fita da masu ɗaukarta. Kason da bai samu ba, a haɗe shi da na gabansa, a sallami mai shi.

Doka ce mai kyau, amma ba a rasa mai wayon da zai juya ta. Akwai wani bafatake, Jatau, da ƙanensa Nomau masaƙi. Gidan da suka gada dogo ne siriri, bakinsa kaɗai ke kan hanya. Jatau ya ja igiya a gicciye, ya ɗauki gaba, ya tayar da katanga, ya bar ɗan tsukin da sai a karkace mutum ke bi. Can ƙurya kuwa Nomau ne da masaƙarsa, da tsohuwarsu Tabawa a ɗakin da aka kai ta tun tana amarya.

Jatau ya zo fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, kason ƙanena ba shi da fuska a hanya. Dokarka nake bi, a haɗe mini shi. Inna kuma na gina mata ɗaki a wata unguwa."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, nan aka binne cibiyata. Inna kuma ta rantse daga ɗakin nan sai kabari."

Sarki ya dubi wazirinsa, wani tsoho mai ƙarancin magana wai shi Cindo, ya ce, "Waziri, na kafa doka don kada a wulaƙanta matattu, ga shi za ta kori rayayyu. In na karya ta yau, gobe kowa ya karya."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba sai an karya ta ba. A ba ni makarar masallaci da ƙarti huɗu."

Fadawa suka dubi juna. Ni kam a cikin waziran da na ji labarinsu, babu wanda ya burge ni kamar wannan tsoho, don bai aiki kowa ba, da ƙafarsa ya tafi. Aka kai tsukin nan, aka karkata makara, ta shige cikin sauƙi tun da ba kowa a ciki. Tabawa na zaune bakin ɗakinta tana kaɗi, ta ga makara a tsakar gida, ta ce, "Waziri, ka yi sammako. Ban ko gama zaren nan ba."

Ya yi dariya ya ce, "Ba taki ba ce yau, Inna, tawa ce." Ya tuɓe takalma, ya gyara rawani, ya miƙe a cikin makara. Ya ce, "Jatau, kai ne babba, kama gaba. Ku kai ni bakin hanya."

Aka ɗauka. Da aka zo tsukin, makara ta ƙi shiga. Aka ja baya, aka sake gwadawa, kafaɗar Jatau ta goge da katangarsa har riga ta yage. Wani ƙato ya ce a karkata, Waziri ya ce daga kwance, "Gawa ake karkatawa? Ku ji tsoron Allah." Gumi ya jiƙe Jatau sharkaf. Can ya ce da ƙaramar murya, "Ranka ya daɗe, sai dai ta kan katanga."

Tabawa ta ajiye mazarinta. Ta ce, "Jatau, ashe ta nan ka shirya mini?"

Kunya ta kama Jatau, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya yi wayo. Ya sa aka sauke makara a hankali, ya shiga gidansa ya ɗauko gatari. Shi ya fara sarar katangar da hannunsa, yana sara yana hawaye, Nomau ya zo ya kama masa. Waziri bai tashi ba sai da hanya ta buɗe, aka fito da shi a miƙe har bakin babbar hanya, jama'a na ta kabbara.

Ya koma fada ya ce, "Allah ya ja zamaninka, dokarka na nan daram, abu guda ta rasa. Mai rabon fili ya fara yanke hanya tukuna, sa'an nan ya raba abin da ya saura." Sarki ya ji daɗi ƙwarai, ya sa aka ƙara wannan a shela. Aka sake auna gidan bayan an fitar da hanya, kowane ɗan'uwa ya sami ƙofarsa da zaurensa, unguwannin birni kuma suka yi koyi.

Tabawa ta daɗe a ɗakinta tana kaɗi. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, ta wannan hanya aka fito da ita, Jatau a gaba, Nomau a baya, kuma ko kafaɗar mutum ɗaya ba ta taɓa bango ba.