Ranar Da Cindo Ya Zo Na Ɗaya

Akwai wani mahayin raƙumi a Gagarawa da ake kira Cindo, tun zamanin da jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, ana dakon gyaɗa a bayan raƙuma. Ku da kuke kallon tseren motoci a waya, direbobi suna cin zango bayan zango, kada ku ɗauka yau aka fara. Su Cindo ma suna da nasu.

Kowace shekara in an gama kaka, masu raƙuma sukan taru a Gumel. Zangon farko Gagarawa, na biyu Sule Tankarkar, a ƙare a Maigatari ranar kasuwa. Wanda ya riga kowa isa, a ɗaura wa raƙuminsa jan ƙyalle a wuya, makaɗa su yi ta wasa shi har shekara ta zagayo. Cindo kuwa ba abin da yake so a duniya kamar ya ji makaɗa suna kiran sunansa a tsakiyar taro.

Kuma ya iya, ba zan tauye masa haƙƙi ba. Amalensa, wato ƙaton raƙuminsa namiji, a gidansa aka haife shi, shi ya raine shi da hannunsa. Matsalarsa guda ɗaya ce, sunanta Ubale.

Ubale mutumin Maigatari ne, siriri, marar hayaniya, yana hawan wata taguwa, wato raƙuma mace, da ya sayo can arewa a Damagaram. In Cindo ya ci bana, Ubale ya ci baɗi. Saboda tsoron Ubale, Cindo ba ya barin amalensa ya huta. Kullum da sassafe suna cikin rairayi, har ya san inda ƙafa take nutsewa da inda ƙasa take da ƙarfi. Saboda su biyun nan mutane suke baro ƙauyukansu, a yi ta musu a gindin bishiya tun kafin ranar ta zo.

Wata shekara Ubale ya wuce shi a bakin kasuwar Maigatari da tsawon wuyan raƙumi kawai. Abin ya tsaya wa Cindo a rai. Maimakon ya koma rairayi ya ƙara himma, sai ya zauna neman dabara.

Lokacin Turawa ba su daɗe da jan iyaka ba, can na Faransa, nan na Ingila. Cindo ya bi dattawan tseren gida-gida, da goro da daɗin baki. Ya ce ai tseren na ƙasar Gumel ne, bai dace raƙumin da aka haifa a ƙetaren iyaka ya riƙa kwashe jan ƙyallen ba. Ya sani sarai duk raƙumin gudu daga arewa ake sayo shi, nasa ne kaɗai haifaffen gida. Dattawa suka ɗauka kishin gida ne, babbansu Kawu ya yi shela, magana ta zauna.

Ubale bai yi gardama da kowa ba. Da suka haɗu a kasuwa, ya miƙa wa Cindo hannu yana murmushi, ya ce, "Ɗan'uwa, da ka gaya mini taguwata ce ta dame ka, ai da na aro jaki na zo." Cindo ya yi dariya, ya ce doka ce ta dattawa, shi ba ruwansa.

Shekarar farko ya tsere wa raƙuman dako, waɗanda tun da aka haife su ba su taɓa gudu ba sai in an kora su. Makaɗa suka wasa shi, ya ji daɗi, baki har kunne. Daga nan ya daina fita rairayi. Amale ya yi tozo, maigidansa ya yi tumbi. Shekara ta biyu har gida ya biya a Gagarawa, ya ci tuwo, ya ɗan kishingiɗa, kuma duk da haka shi ya ci. Wannan labari shi da bakinsa yake ba da shi, ga duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da shi.

Taro ya fara raguwa, ya ce hidimar gyaɗa ce ta riƙe mutane. Ya ji ana cewa Ubale da sauran waɗanda aka kora sun fara nasu tseren a wani fili arewa da Maigatari, su da Buzaye da mutanen Damagaram, babu ƙyalle babu lada. Ya ce su yi ta yi, wasan yara ne.

Da shekara ta sake zagayowa, 'yan tsirarun da suka tashi tare da shi daga Gumel ba su wuce Sule Tankarkar ba. Sun samu kayan dako, suka ga ya fi musu. Cindo ya ci gaba shi kaɗai cikin sabuwar riga. Da ya hango Maigatari ya gyara rawani, ya matsa wa amale ya yi gudu don jama'a su gani. Dabba tana haki, shi yana ɗaga hannu, har suka shigo bakin kasuwa.

Babu makaɗi ko ɗaya. Rumfuna a rufe da zana, awaki suna yawo. Sai wata tsohuwa mai fura, Sabuwa, a gindin tsamiya tana korar ƙuda. Ya tambaye ta ina mutane. Ta ce duk sun tafi filin arewa, wai wani Buzu ya sha alwashin yau sai ya wuce Ubale, ita ma ciwon gwiwa ne ya hana ta. Sannan ta ɗaga faifai, ta ciro jan ƙyallen a ninke, ta ce Kawu ya ce in ya iso ta ba shi, ya ɗaura da kansa.

Kunya ta rufe Cindo, amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce, "Iya, ke dai shaida ce, ni na zo na ɗaya."

Tsohuwa ta leƙa bayansa, ta duba hanya har inda idonta ya tsaya. Ta ce, "Na ɗaya a cikin su wa, ɗana?"

Daga can arewa ana jiyo kiɗa da sowar jama'a. Cindo ya durƙusar da amalen, ya zauna a gefensa da ƙyallen a hannu.

Darasi: Abokin takararka shi ne yake sa ka tashi da wuri, kuma shi ne yake ba nasararka daraja. In ya wuce ka, koma ka ƙara shiri, kada ka nemi hanyar kore shi daga fili. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana gasa, a kan hanya ko a kasuwa ko a wurin aiki.