Karen Lantarki a Gaban Ayarin Hajiya

An yi wani mutum a garin nan namu na Linxia, direba ne. Ba zan kama sunansa ba, domin 'ya'yansa suna sallah a masallacin nan kuma ba su yi wa kowa laifi ba. Tsofaffin cikinku sun riga sun gane shi. Matasa kuwa ku buɗe kunnuwanku, don da ku nake.

Sana'arsa jigilar fasinja tsakanin nan da birnin Lanzhou da ƙaramar mota. Yana sallah a kan lokaci, ba ya shan giya, ba ya caca. Kada wani ya ce ai dama ɗan iska ne shi ya sa. A'a wallahi, farar hularsa ta fi ta da yawanku haske. Ciwonsa guda ɗaya ne, gudu. Inda abokan aikinsa za su yi sawu biyu a yini, shi sai ya yi uku.

To kun san titin nan cike yake da kyamarori. Wanda ya wuce ƙa'ida hotonsa ya shiga, takardar tara ta same shi, a zare masa maki daga lasisi. Sau biyu aka kama mutumin nan. Da mai hankali ne da sai ya sassauta ƙafarsa. Shi kuwa sai ya tafi kasuwar kayan mota ya sayo 'yar na'urar nan da direbobi ke kira karen lantarki, ya manna ta a gilashin gaba. Aikinta ta sansano kyamara ko na'urar 'yan sanda tun daga nesa, ta tsandara ƙara, ta ce, "Kyamara a gaba, rage gudu."

Daga ranar tuƙinsa ya koma iri ɗaya. Kare ya yi shiru, ya taka totur har ƙasa. Kare ya yi haushi, ya danne birki, fasinjoji su yi gaba kamar buhuna, ya wuce kyamara sumul kamar wani waliyyi, sannan ya sake taka wuta. Allon da ke gefen titi ya daina karantawa. Madubi ya daina dubawa. A hankali ƙafarsa ta dama ta daina neman izininsa, da ta ji ƙarar nan sai ta faɗa kan birki da kanta. Sabo turken wawa.

Shekaru suka shuɗe takardar tara ko ɗaya ba ta zo gidansa ba. A tasha har kuri yake yi, yana cewa lasisinsa ya fi na liman tsarki. Ya 'yan uwa, ku dubi wannan! Mutum ya saɓa, ya ɓoye saɓon, sannan ya yi alfahari da cewa ba a gan shi ba.

Yana da mahaifiya, sunanta Sailimai, tsohuwa mai kaifin baki. Mijinta ya rasu da wuri, ita kaɗai ta raini 'ya'yanta maza biyu da sayar da soyayyen burodi a bakin kasuwa. Sau ɗaya tak ta taɓa shiga motar babban ɗanta. Da na'urar ta yi ƙara ya taka birkin nan nasa, sai da goshinta ya kusa dukan kujerar gaba.

Ta ce, "Kai! Mene ne wannan mai ihu kamar an taka masa wutsiya?"

Ya ce, "Kare ne, Inna, na lantarki."

"Lalacewar taka har ta kai ka ajiye kare a mota?"

Ya yi dariya ya ce, "Wannan ba ya karya alwala."

Ta ce, "Alwala ce ba ya karyawa, amma wuyana saura ƙiris. In yaro ya fito titi yana yi maka haushin?"

Ya ce a'a, kyamara kaɗai ya sani.

Ta ce, "To tsaya in sauka, ni ba kyamara ba ce."

Ta sauka ta hau bas. Tun daga nan duk inda za ta, ƙaramin ɗanta Nuhai ke kai ta. Nuhai mai gyaran takalma ne, yana da tsohuwar mota, kuma tuƙinsa har kaza tana iya tsallake titi a gabansa ta dawo.

Baiwar Allahn nan burinta ɗaya a duniya, ta ga Ka'aba da idonta ta dawo ta ba jikokinta labari a ɗakinta. Ta yi shekaru tana jiran layin kujerar Hajji, har gwiwoyinta suka fara gazawa. Allah cikin ikonSa ya kira ta zuwa ƊakinSa. Ta je, ta yi ɗawafi, ta tsaya a Arfa cikin zafin da ya kwantar da ƙartai, ta yi jifa, ta gama komai lafiya lau. Abin da ya rage kawai a ɗauko ta daga filin jirgin Lanzhou a kawo ta gida.

Ranar Juma'a ce. Dangi suka yi ayarin motoci suka tafi tarye, kowace mota da koren ƙyalle a jikin madubi. Mu kuma muka taru a ƙofar gida, ni ma ina ciki, an yanka rago, an soya burodi, an jera kofunan shayi masu murfi. Kowa yana so ya riga wani kama hannun da ya taɓa Ɗakin Allah.

Jirgi ya yi latti. Kafin Hajiya ta fito a rataya mata jan ƙyallen siliki a kafaɗa, a yi kuka, a yi hotuna, rana ta yi sama. Ƙanen mahaifiyarsu, Kawu Ersa, ya dubi agogo ya ce da wuya su sami Juma'a, ga mutane can suna jira.

Sai mutumin nan ya bugi ƙirji ya ce, "Kawu, kwantar da hankalinka. Ni zan shiga gaba da karena, ku dai ku biyo ni. Ba wanda za a ci tara yau."

Ya buɗe wa mahaifiyarsa ƙofar motarsa, wadda ya wanke ta tun asuba. Ta harare shi ta ce, "Ban tsira daga turmutsitsin Mina don in zo in shiga motarka ba. Ɗauki kayana, su ba su da wuya."

Aka yi dariya. Aka loda jakunkunanta da jarkar Zamzam a but ɗinsa, ita kuma ta shiga bayan motar Nuhai.

Kun san al'adarmu, ayarin alhaji ba a yarda baƙuwar mota ta raba shi. Motar da ke ɗauke da alhaji musamman, kunya ce a bar ta a baya ko a bar wani ya kutso gabanta. Saboda haka da wansa ya fara gudu, Nuhai ba shi da yadda zai yi. In ya sassauta, manyan motocin kaya su shiga tsakani, ayari ya watse, a ce shi ya raba ayarin uwarsa. Mutumin da bai taɓa gudu ba a rayuwarsa ya damƙe sitiyari da hannu biyu ya manne wa bayan motar yayansa.

Shi kuwa na gaba ransa fes. Ya san kowace kyamara ta titin nan kamar yadda ya san ɗakunan gidansa, don haka waɗannan yakan rage musu gudu tun da sauran tazara. Suka wuce ta farko, suka wuce ta biyu, suka ci rabin hanya, suka ci fiye da rabi. Suka fito daga hanyar nan da ta huda dutse suka kama gangara. Daga wurin ana hango hasumiyoyin garin nan. A saninsa babu sauran kyamara har gida, sai ya taka totur har ƙasa.

Ashe da safiyar ranar 'yan sanda sun kafa na'urarsu ta tafi-da-gidanka a ƙasan gangarar.

Kare ya tsandara ihu.

Ya 'yan uwa, bai yi tunani ba. Bai tuna akwai ayari a bayansa ba. Bai tuna uwarsa ba. Ƙafar nan ta faɗa kan birki kamar yadda ta saba faɗawa kullum. Mota ta ja birki da ƙarfi, ta nutsu, ta wuce gaban 'yan sanda a kan ƙa'ida cif. Ya kai hannu ya shafa na'urar ya ce, "Yauwa, ɗan albarka!"

Sannan ya ɗaga kai ya dubi madubi. Babu motar Nuhai.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Motar Nuhai ta bar titi, ta fasa ƙarfen gefen hanya, ta wuntsila cikin kwari. Da suka gangara suka same ta ƙafafu a sama. Nuhai yana numfashi, ƙafarsa ta kakkarye. Hajiya Sailimai kuwa rai ya yi halinsa, jan ƙyallen yana nan a kafaɗarta.

Mu muna can ƙofar gida muna jira. Yara suna leƙen titi, duk motar da ta ɓullo su yi ihu, "Ga su nan!" Ni da idona na ga Kawu Ersa ya sauko daga mota babu hula a kansa. Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Matar da ta ƙetare sahara da teku, ta shiga cikin miliyoyin mutane ta fito ko ƙwarzane babu, ɗanta na cikinta ya kasa kawo ta gida daga Lanzhou.

Da aka ba mu gawa, mata masu wanka suka aiko a kawo likkafani. Aka tashi za a je kasuwa, sai matar Nuhai, Mairiyan, ta ce a tsaya. Ta ce Inna ta tafi da nata Makka don ta jiƙa shi da ruwan Zamzam, yana cikin kayanta. Ina kayan? Suna but ɗin motar mutumin nan, wadda ke tsaye a ƙofar gida ko fenti bai goge ba. Shi ya buɗe da hannunsa a gaban jama'a. Ya zuge jaka, ya ture dabino da carbuna da hulunan da ta sayo musu tsaraba, ya ɗauko farin yadin a ninke. Ya miƙa, hannunsa ya kasa saki, sai da Kawu Ersa ya ɓamɓare yatsunsa.

Sauran kuma ku ji abin al'ajabi. Na'urar 'yan sanda ta ɗauki motoci biyu. Ta gaba tana tafiya a kan ƙa'ida. Ta biyu tana gudun da ya wuce kima, ta ƙwace wa direbanta, rai ya salwanta. Wa shari'a za ta kama? Nuhai. A kotu aka tambaye shi me ya sa ya bar titi, ya ce, "Ni nake tuƙi, laifina ne." Bai ƙara ko kalma ba. Yayansa yana zaune a wurin, tsoro ya hana shi faɗin gaskiya. Aka ɗaure Nuhai, aka karɓe lasisinsa. Mutumin nan kuwa ko tarar yuan ɗaya ba a ci shi ba. Karensa ya yi aikin da aka saye shi dominsa.

Amma ayari guda ya ga jar wutar birkinsa. Magana ta zaga gari. A tasha fasinja su gan shi su wuce motar gaba. Ya sayar da motar, ya kama leburanci a kasuwar tumaki, barci ya ƙaurace masa, ya rame har mutane suna wuce shi ba su gane shi ba. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu. Mairiyan ba ta zage shi ba ko sau ɗaya, gaisuwarsa ce kawai ta daina amsawa.

Da aka sako Nuhai, maƙabarta ya fara zuwa yana ɗingishi da sanda. Ya tarar da yayansa durƙushe a bakin kabarin. Mutumin ya kama ƙafar ƙanensa yana kuka, yana cewa ya zage shi, ya doke shi, ya yi masa komai.

Nuhai ya ce, "Tashi, Yaya. Abu ɗaya kawai nake so ka sani. Motar ba ƙwace mini ta yi ba. Na ga bayan motarka ya taso mini, na ce in na daka zan kashe ɗan'uwana. Kauce maka na yi."

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai saci kuɗin kowa ba, bai ɗauki wuƙa ba. Abin da ya yi shi ne ya mai da tsoronsa ga kyamara, ya cire shi daga kan rayukan mutane. Dokar gudu ba don aljihunka aka kafa ta ba, don wanda ke bayanka ne da wanda ke gabanka. Wa ya gaya maka in kyamara ba ta gan ka ba, ba a gan ka ba? Wace na'ura ce za ta yi maka ƙara in mala'ikan mutuwa ya tsaya a kan hanya? Na san akwai motoci a harabar masallacin nan yanzu haka da abin nan manne a gilashinsu. Ba zan fita in duba ba. Kai da ka manna shi ka san kanka, kuma ka san wa kake ɗauka a kujerar baya.

Allah ya jiƙan Hajiya Sailimai, ya karɓi hajjinta. Allah ya ba Nuhai ladan haƙuri, ya yafe wa ɗan'uwansa. Allah kada ka sa ajalin iyayenmu ya biyo ta hannunmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda ke biye da mu a hanya. Amin.