Masunci da Dashi

Akwai wani tsohon masunci da yake zaune shi kaɗai a gefen daji. 'Ya'yansa sun tafi birni, matarsa Dinatu kuma ta rasu, aka binne ta a bayan gida. Da rani ya yi, awaki suka riƙa tattake kabarin. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, gama ba abin da ya rage masa sai wannan ɗan tudun ƙasa.

Ya ce a ransa, "Bari in yi masa shinge da dashi." Amma kash! Mutumin ruwa ne, bai san itacen a tsaye ba. Ƙamshinsa kaɗai ya sani, domin Dinatu takan turara ɗaki da ƙaronsa.

Sai ya nufi fadama, inda ƙafarsa ta saba. Ya wuni yana murza ganye yana sansanawa, har yatsunsa suka yi kore, bai samu ba.

Wani makiyayi ya gan shi, ya ce, "Baba, ai dashi ba ya son laima. Hau tudu, ka duba tsakanin duwatsu."

Tsohon ya hau da ƙyar. Bai ga komai ba sai gajerun itatuwa masu ƙaya, ko ganye ɗaya babu. Ya ce, "Makiyayin nan ya yi mini ba'a." Ya zauna a kan dutse ya yi kuka, ba mai ji, ba mai cewa sannu.

Da zai tashi, ya kama wani reshe, reshen ya karye a hannunsa. Nan take ƙamshin ya buge shi. Ya kankare ɓawon da farce, sai ga shi kore shar a ciki. Ya ce, "Ashe kana nan!" Ya saro rassa ya kafa kewaye da kabarin, awaki suka daina shiga. Da ruwa ya sauka, rassan suka toho.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: mukan nemi Ubangiji a fadama kawai, inda akwai ni'ima da jama'a. In muka iske kanmu a busasshen wuri, sai mu ce ya yashe mu. Bai yashe mu ba. Kai da kake cin tuwo kai kaɗai, ba mai ƙwanƙwasa maka ƙofa, kada ka ce wurin nan ba kowa. Yana nan tare da kai tun kafin ka fara kuka.